Taku Tara Daga Gabas

Ranar Talata na fito daga asibitin Murtala
da takardar magani a aljihu, kuɗinta bai cika ba,
sai na hangi taro a karofin Ƙofar Mata.
Na zaci faɗa ne. A garin nan
in ka ga wuyan mutane ya ƙara tsawo, ko faɗa ko gwanjo.

Ashe alawayyo ne, kamu sittin,
shimfiɗe a kan tabarmi, fari fat,
wata yarinya mai tabarau, Suwaiba aka ce sunanta,
tana rabon zare kamar goron suna.
"Zo ka ƙulla naka."
Na ce, "'Yata, tsohon akawu ne ni,
zanen da na sani shi ne layin ƙarƙashin jimla."
Ta yi dariya. "Ɗauki abin da kake so, naɗe a yadin, ɗaure.
Baba, inda ka matse, baba ba ya shiga."

Ɗan sahu ya tsaya a karkace, ya ƙulle noti,
ya koma da gudu, fasinja na ta mita.
Iya Ramota ta Ayagi ta sa ƙwallon dabino uku,
ta ce 'ya'yanta ne, na tsakiyar ba ya waya.
Wata nas ta ɗaure murfin kwalbar allura.
Mai rake ya ce shi bai ajiye komai ba,
ya tsuke yadin haka nan,
ya ɗaure iska.

Na laluba aljihu.
Maɓallin rigar Sabi'u ne, ƙanena,
da ya faɗo ranar da aka raba kayansa.
Shekara huɗu yana bina daga wanki zuwa wanki.
Na naɗe shi, na kewaya zare sau bakwai,
na ja da ragowar haƙorana.
Sannan na auna, don akawu ba ya ajiya babu lissafi:
taku tara daga gefen gabas,
dab da wani ƙulli mai kama da kan zakara.

Juma'a bayan La'asar Malam Inuwa ya tsamo shi.
Kore ya fito, kamar ruwan kududdufi,
iska ta lashe shi, muna tsaye ya koma shuɗi.
Da ya sha rana aka bi zaren da reza,
noti, tsakuwa, dabino, murfi,
duk suka zube a daro ɗaya suna ƙara.

Aka rataye shi a igiya, mutum shida na ja.
Wasu suka ce taurari ne.
Mai rake ya ce shi dai ƙyanda yake gani,
amma bai matsa daga wurin ba
har wani ya zare masa kara biyu a baro.

Na fara daga gabas. Ɗaya, biyu, har tara.
Yadi ya sha ruwa, ya tsuke, ya cinye mini lissafi.
Kan zakara ya baje, ya zama fure.
Farin zobe uku na tarar, ba ka bambance su,
kowanne da ɗigon duhu a tsakiya.
Ina tsaye ina zaɓen wanda zan kira Sabi'u
wata 'yar firamare ta kutso ta ƙarƙashin hannuna,
ta dangwala yatsa a kan wanda zuciyata ta fi so.
"Umma, ga nawa! Murfin lemona ne!"

Na buɗe baki.
Na san murfin lemo ba ya barin zobe ƙarami haka.
Na ce, "Kai, ya yi kyau. Ke kika ɗaure da kanki?"
Ta ce da haƙori ma.

A daro na tsinci maɓallin, gefensa ya rine.
Na juya shi a tafin hannu,
na mai da shi cikin 'yan'uwansa.
Gida na koma da shuni a ƙarƙashin farce,
kwana uku alwala ba ta fitar da shi ba.